Yara uku da kyanwa biyu: wace kujera ce za ta jure mana?

Maman Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma ta wanda abin ya taɓa faruwa da shi nake so. Kujerun falonmu ba su cika shekara 3 ba amma har kunyar shigo da baƙo nake yi. Ledar jikinsu tana ta ɓarewa, duk wanda ya zauna sai ya tashi da ɓurɓushi a bayan riga. Mai zaman mutum uku ta lotsa a tsakiya, kana zama ka ji katako. Hannun ɗaya kuwa kyanwa ta mai da shi wurin wasa farce. Yarana uku, babban shekararsa 7, autar ba ta daina fitsarin kwance ba. Ga kyanwoyi biyu da maigidan ya ce ba inda za su. Yanzu ya yarda a sauya, amma ya ce daga wannan sai yara sun girma. Ni fata ta gaske nake so, shi ya ce yadi. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?

Abban Yara:
Wa alaikumus salam. Hajiya ke ce da gaskiya, ki sayi fata ki huta. Tamu shekara 9 ke nan. Madara ta zuba, shayi ya zuba, an yi zane da biro, duk tsumma mai ɗanshi ne maganinsu. Yadi kuwa shanyewa yake yi, abin ya gangara cikin soso, bayan wata biyu ki ji falo yana wani bashi ba ki san daga ina ba.

Anti Mai Kyanwa:
Abban Yara, tambaya ɗaya: akwai kyanwa a gidanka?

Abban Yara:
Babu, Anti. Kare ne, shi ma ba kullum yake shiga falo ba.

Anti Mai Kyanwa:
To ai shi ke nan. Ba ciwonku ɗaya da ita ba. Farcen kare dakusasshe ne, iyakarsa ya karce saman fata, a shafa mai ya ɓace ko ya ragu. Na kyanwa kamar ƙugiya yake, hudawa yake yi. Ko ba da niyyar karta ba, ta yi tsalle ta hau, ta taka ta sauka, kowane taku ƙananan huji ne. Kuma hujin fata ba ya rufewa. Ni na yi wannan kuskuren da kuɗina, cikin wata 4 hannun kujera ya koma kamar rariya. Ƙanwata, matsalarki biyu ce kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Yara suna ɓata kujera da ruwa-ruwa da tsalle, kyanwa da farce da gashi. Abin da ya gagari yaro ba lallai ya gagari kyanwa ba.

Tsohon Kafinta:
Ku yi haƙuri in sa baki. Shekara 30 da ɗoriya na yi ina buɗe cikin kujerun mutane, kuma ina ganin kun fara gardamar riga tun ba a duba lafiyar mai sa ta ba. 'Yata, ki sake karanta abin da kika rubuta. Ɓarewar leda laifin yadin rufi ne, na yarda. Amma lotsewar da kike jin katako a ƙasa, ba ruwan leda ko fata. Wannan soso ne ya mutu, ko abin da ke riƙe da shi daga ƙasa ya saki. Yadi in ya lalace ana sauya shi. Katako in ya karye daga ciki, kujera ta gama yawo.

Ki fara da katakon. Ana son mai ƙarfi wanda ya bushe sosai, ruwan jikinsa bai wuce kashi 12 cikin 100 ba. Ɗanyen katako yana bushewa ne a cikin falonki, yana bushewa yana tsukewa yana karkacewa, sai mahaɗa ta yi sako-sako, sai ki fara jin ƙiiƙ duk lokacin da aka zauna. Filawud mai kauri, mai hawa da yawa, shi ma ba laifi. Abin gudu shi ne allon nan da ake yi da garin katako da gam. Ba ya riƙe ƙusa da kyau, kuma da ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura ya marmashe. A gidan da ake fitsarin kwance, kin ga ai ba a fara ba.

Sai mahaɗa. Kowace kusurwa ana son a ga ɗan guntun katako da aka gitta a ciki, an sa gam an ɗaure da ƙusa mai murɗi. In fin ɗin bindiga kaɗai aka harba aka haɗa, tsallen yaro ɗan shekara 7 ya ishe ta.

Maman Uku:
Baba na gode. Amma ta yaya zan ga duk wannan alhali an lulluɓe komai? Ba za su bar ni in farke musu kujera ba ai.

Tsohon Kafinta:
Ba sai kin farke ba. Ki kama ƙafar gaba guda ɗaya ki ɗaga ta kamar santimita 15 daga ƙasa. In ɗaya ƙafar ta gaba ta biyo ta sama, ƙashin kujerar ƙwarai ne. In ta zauna daram a ƙasa kujerar tana murɗewa, ki ajiye ki yi gaba. Ki kama hannun ki jijjiga, bai kamata ya motsa ba. Ki danna bayanta da tafin hannu, in kika ji kamar kwali yana lanƙwasawa, to kwalin ne. Ki duƙa ki shafa ƙarƙashinta ta jikin baƙin ƙyallen nan, za ki ji ko sifirin ne mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji, ko ɗamarar roba ce aka saƙa. Sifirin mai kauri da aka jera kusa da kusa ya fi jure tsalle. Ɗamarar roba in ba mai kyau ba ce, miƙewa take yi ba ta komawa. Sannan ki duba ƙasan da aka ajiye ta, in kika ga gari-gari kamar hoda, ƙwaro yana cikin katakon.

Kuma kujerar ƙwarai tana da nauyi. Wadda za ki ɗaga da hannu ɗaya kina waya da ɗayan, kin san me aka sa a ciki.

Abban Yara:
Baba, duk na yarda da wannan. Amma Hajiya ta ce ledarta ta ɓare, shi ya sa na ce ta nemi fata ta gaske. Ai ba za a haɗa ba.

Ɗalibar Saƙa:
A nan kam Abban Yara yana da gaskiya, sai dai kalmar "fata" ita ce tarkon. Abin da ya ɓare wa Maman Uku, roba ce mai suna poliyuretan da aka shimfiɗa a kan ƙyalle. Zafi da laima da gumi su ne suke cinye ta a hankali, ta bushe ta tsattsage ta fara zuba. Ba man da za a shafa ya dawo da ita. Akwai kuma wata da ake niƙa ragowar guntayen fata a cakuɗa da gam a shafe samanta da wannan robar dai, a sayar da sunan fata. Ita ma haka take ɓarewa. Ko fata ta gasken ma kala-kala ce. Wadda aka rina kawai ba a yi wa samanta rufi ba ta fi laushi da kyau, amma shan ruwa da mai take yi nan take. Mai yara sai wadda aka yi wa fenti da rufi a sama. Amma dai ko wacce ce, maganar Anti Mai Kyanwa tana nan: farce zai huda.

In yadi za a saya, akwai lambar da ya kamata a tambaya, ana ce mata Martindale. Inji ne yake goga yadin a jikin wani ƙyallen ulu, yana zagayawa yana ƙirgawa har sai zare ya fara tsinkewa. Na zaman gida na yau da kullum yakan kama daga 15,000 zuwa 25,000. Gida mai yara gara a nemi 30,000 zuwa sama. A Amurka wani gwajin suka fi amfani da shi, Wyzenbeek, kuma ƙirgensa daban ne, kada a haɗa lambobin biyu. Sai dai a sani, gogayya kaɗai wannan lamba take aunawa. Ba ta san farce ba, ba ta san tabo ba. Yadi zai iya cin 50,000 kyanwa ta warware shi a dare ɗaya in saƙarsa mai madauki ce.

Maman Uku:
Mai madauki kamar yaya, ƙanwata?

Ɗalibar Saƙa:
Kamar tawul, Anti. Duk yadin da za ki ga zarensa ya yi 'yan ƙulle-ƙulle ko gwangwaɗi a sama, irin wanda ake yayi yanzu mai kama da gashin tunkiya, ko mai saƙa sako-sako irin lilin. Farce yana shiga ya maƙale, ta ja, zare ya biyo ta. Kuma wannan maƙalewar ita ce daɗin abin a wurinta, gobe ma za ta dawo. Wanda ake so shi ne mai matsattsiyar saƙa da santsin fuska: maikrofaiba, wato yadin roba mai siraran zare ƙwarai, ko karammiski na poliyesta. Karammiski gashinsa yankakke ne a tsaye, ba madaukin da farce zai kama, sai ya zame.

Ki karɓi ɗan ƙyalle na gwaji ki kai gida. Ki ɗaga shi a haske, in kina hango haske ta cikinsa sosai saƙar ba ta matsu ba. Ki ja bakin makulli a kansa da ɗan ƙarfi. Ki ɗiga ruwa ki ga ko zai tsaya ko zai nutse. Ki goga farin tsumma mai laima ki ga ko yana zuba. Sannan ki ajiye wa kyanwoyin su kwana a kai, da safe ki ga yadda gashi yake fita.

Uwargida Sarauta:
Ni fa ban yarda da karammiskin nan ba. Nawa duk inda aka zauna sai ya kwanta ya bar shaidar mazaunai, ruwa ya ɗiga kuma ya bar zobe har yau. Kyan ɗan maciji ne kawai.

Ɗalibar Saƙa:
Hajiya, ki duba takardar jikinsa, ina kyautata zaton na auduga ne ko biskos, wato zaren da ake sarrafawa daga itace. Biskos ba ya shiri da ruwa sam, yana jiƙewa ƙarfinsa yake raguwa kuma ya bar tabo. Na poliyesta ba haka yake ba. Kwanciyar gashi kam duk karammiski yana yi, sai a bi shi da burushi mai laushi. Wanda wannan zai dame shi ya ɗauki maikrofaiba.

Uwargida Sarauta:
To, wataƙila. Ni dai ba zan ƙara ba.

Tsohon Kafinta:
Mu koma kan soso, don shi ne ya kayar da 'yata tun farko. Mutane suna danna soso su ji tauri su ce mai kyau ne. Tauri daban, nauyi daban. Ana iya yin soso mai tauri kamar dutse ya mutu cikin shekara. Abin da ke nuna daɗewa shi ne nauyinsa, wato kilo nawa ne a mita ɗaya ta kowane gefe. Na mazauni kada ya gaza 30, in an samu 35 zuwa 40 ya fi. Na jingina ba ya ɗaukar nauyi sosai, ƙasa da haka ma ya yi.

Ga lissafi mai sauƙi. Kushin mai faɗin santimita 60 da tsawon 60 da kaurin 12, in sosonsa na 30 ne, zai yi kusan kilo 1.3. In na 18 ne, bai kai gram 800 ba. Ki zuge zif ki zaro ki ɗaga, hannunki ma zai gaya miki. Amma a yi hattara, akwai masu zuba garin alli a cikin haɗin don ya yi nauyin ƙarya. Irinsa in kika murza gefensa da yatsa za ki ji yana marmashi. Na ƙwarai kuma in kika tashi daga kansa, kafin ki juya ya koma yadda yake.

Kakar Yara:
Duk kun yi magana mai kyau amma ba wanda ya faɗi abin da ya cece ni. Jikoki 6 suke yini a wurina. Kowane kushin nawa yana cirewa, kowanne da zif, ana kuma iya juya shi ta kowace fuska. A ƙarƙashin rigar na sa an ɗinka wata riga ta biyu da yadin da ruwa ba ya ratsawa, irin na shimfiɗar katifar jarirai. Yaro ya yi fitsari, in zare ta sama in wanke, soso bai san an yi ba. Kujerar da aka ɗinke mazauninta a jiki, duk abin da ya shiga ya shiga ke nan har abada.

'Yar nan, ranar da za a yi miki, ki sa a ƙaro miki yadin, a ɗinka riguna na canji. Bayan shekara biyu ba za ki samu irinsa ba, ko kin samu launin ba zai zo ɗaya ba. In za ki wanke, ruwan sanyi, shanya a inuwa, kuma ki wanke su duka tare don kada wani ya fi wani haske. Ki mayar da su da sauran ɗanshi-ɗanshi, sun fi shiga.

Anti Mai Kyanwa:
Mama ta gama magana. In ƙara da batun zarni, don fitsarin kyanwa ba irin na yaro ba ne. Yana barin wani gishiri da omo ba ya narkarwa, shi ya sa za ki wanke wari ya tafi, da an yi laima ya dawo. Akwai ruwan wanki na musamman mai sinadarin enzayim, shi ne yake cinye shi. Kada a goge da abin da ke da amoniya, warinsa kamar na fitsari ne a hancinta, sai ta ɗauka wurin ne aka ware mata. Kuma don Allah kada a taɓa haɗa bilic da amoniya, hayaƙinsu guba ne. In abu ya zuba, dannawa ake yi da busasshen tsumma ya tsotse, ba dirzawa ba. Ruwan zafi kuma kama tabon madara da na jini yake yi.

Wasu kujerun suna da harafi a takardarsu. W ana wankewa da ruwa, S sai da sinadarin wankin da ba ruwa, WS duka biyun, X kuwa burushi da injin zuƙe ƙura kaɗai. Mai yara uku ta ga S ko X ta san ba nata ba ne.

Ɗan Autan Zaure:
Ni ban ga abin wahala ba. A kai kyanwoyin a cire musu farcen gaba ɗaya mana, kowa ya huta.

Ma'aikaciyar Asibitin Dabbobi:
Ƙanena, a'a. Ba yankan farce ba ne wannan, guntule gaɓar ƙarshe ta kowane yatsa ne, ƙashi da komai. Kamar a yanke maka yatsu daga gaɓar da ke ƙasan farce. Wasu suna ƙarewa da ciwo na dindindin, wasu su koma cizo, wasu su ƙi shiga akwatin bayan gidansu saboda yashin yana yi musu zafi, su koma yi a kan kujerar da ake son karewa. Ƙasashen Turai da yawa sun hana, jihar New York ma ta hana a 2019.

Karta ba rashin ji ba ne. Da ita take zubar da tsohon kuben farce, take miƙe jiki, kuma akwai wari a tafinta da take sa wa wuri alama da shi. Ba za a hana ta ba, sai dai a sauya mata wuri. A samo turke mai tsayin da za ta miƙe sosai a jikinsa, a naɗe shi da igiyar sisal ko wata mai kaushi, gindinsa da nauyi don kada ya yi rawa. A kafa shi dab da hannun kujerar da ta saba, ba can bayan ƙofa ba. A riƙa rage mata tsinin farce duk sati 2 zuwa 3, bakin kaɗai, kada a kai ga jan wurin nan mai jini.

Wani abu kuma da nake gani a wurin aiki: kujerar nan mai kwantawa in an ja hannu. 'Yan kyanwa suna shigewa cikin ƙarafunanta, a rufe da su. Yatsun yara ma haka. Gida irin na Hajiya gara a haƙura da ita tukuna.

Abban Yara:
To na sauka daga kan fata, amma don kyanwa kawai. Mai kare da yara har gobe fata zan ce masa. Sai dai Hajiya, kada ki ɗauki baƙi wai don ya ɓoye datti. Baƙi ya fi kowane launi tona ƙura da gashi. Ki nemi tsaka-tsaki mai sirkin zare biyu ko uku, in da hali mai kama da gashin kyanwoyin. Ki guji masu maɓallai da duwatsun ado, yaro sai ya ɓalle ya kai baki.

Maman Uku:
Ɗaya fara ce ɗaya baƙa, Abban Yara.

Abban Yara:
Toka-toka ke nan, Allah ya ba da haƙuri.

Kakar Yara:
Gashi ai ba abin damuwa ba ne. Ki sa safar hannu ta roba, ki ɗan jiƙa ta, ki shafa, zai dunƙule ya biyo hannunki.

Tsohon Kafinta:
'Yata, kafin ki fitar da kuɗi, ki kifar da tsohuwar ki ɓanɓare baƙin ƙyallen ƙasan ki leƙa. In katakon lafiyayye ne, sabon soso da sabon yadi kawai take buƙata. Na sha ganin an zubar da kujera mai ƙashin ƙwarai an ɗauko wadda ba ta kai ta ba.

Maman Uku:
Na dawo da rahoto bayan sati biyu. Baba, na kifar na buɗe. Garin katako ne da fin, gefe ɗaya ya kumbura har yana zuba, ɗamarar robar biyu sun tsinke. Na kuma tarar da cokula 4 da rimot ɗin da muka shekara muna nema. Don haka gyara bai taso ba.

Na zaga wurare uku ina ɗaga ƙafar kujeru, wani mai sayarwa har ya tambaye ni ko wani abu na yar a ƙasa. Biyu daga cikin waɗanda suka fi burge ni a ido murɗewa suka yi. A ƙarshe mun ba da a yi mana, da sharaɗin zan ga katakon da soson kafin a rufe. Maikrofaiba toka-toka, kushin masu cirewa, riga biyu kamar yadda Mama ta ce. Maigidan yana ta cewa dama shi ya ce yadi, na bar masa.

Saura turken. An kawo, an naɗe da igiya, farar ta karɓe shi tun ranar farko. Baƙar ko kallo bai ishe ta ba, tana nan kan hannun tsohuwar kujera.

Anti Mai Kyanwa:
A tsaye take karta ko tana kwantar da hannu a saman hannun kujerar?

Maman Uku:
A sama, tana ja kamar mai wanki.

Anti Mai Kyanwa:
To ba turke take so ba. Ki samo mata na kwance, ko da kwali mai kauri ne a jera shi a gefe-gefe a ɗaure, ki ajiye a gindin kujerar. Kuma ranar da sababbin za su iso, ki lulluɓe hannayensu da bargo na sati biyu, ki bar ƙofar falo a rufe da dare har sai kin ga ta kama nata.